Lua a cikin manhajar Android: me ke kashe ta kullum bayan la'asar?

Ɗan Farin Gada: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyin Jos. Ina da matsalar da ta hana ni barci tun makon jiya, na ce bari in kawo ta zaure ko wani ya taɓa cin karo da irinta.

Akwai manhajar da na rubuta wa wasu dillalan dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada, ta lissafin buhuna da la'ada da kuɗin lodi da bashin da ke kan kowane mai saye. Da Kotlin, harshen rubuta manhajojin Android, na rubuta ta. To kun san halin kasuwa, ƙa'idar lissafi ba ta kwana biyu a wuri ɗaya. Yau a ce wanda ya ɗauki buhu hamsin a rage masa kaza, gobe a ce kayan Bokkos la'adarsu daban da ta kayan Mangu, jibi a sauya kuɗin 'yan dako. Duk sauyi sai na sake harhaɗa manhajar, in bi mutane rumfa-rumfa ina roƙon su sabunta, wasu su ce min ba data. Sai na cire ƙa'idojin daga Kotlin na mayar da su Lua, wani ƙaramin harshen shirye-shirye da ake dasawa cikin wata manhaja. Na dasa injin Lua 5.4 cikin manhajar ta hanyar JNI, gadar da ke haɗa Kotlin da Java da harshen C da aka rubuta injin Lua da shi, ƙa'idojin kuma suna saukowa daga saba (kwamfutar da ke intanet) a matsayin ɗan guntun rubutu.

Da safe komai lafiya lau. Amma a wayar Alhajin da ya fi kowa ciniki, da an yi la'asar sai manhajar ta mutu fat, ba gargaɗi ba sallama. Na jona wayar da kwamfuta, saƙon da ta bari shi ne `global reference table overflow`, wato teburin da Android ke ajiye riƙon da C ya yi wa abubuwan Kotlin ya cika, da lamba 51200 a gefe. A wayata ban taɓa ganin wannan ba.

Mai Python: Wa alaikumus salam. Ni tambayata ɗaya: me ya kai ka Lua? Wa ka sani a Jos da ke rubuta shi? Gobe ka samu aiki a Abuja, wa zai riƙe maka? Da Python ka saka da tuni an wuce wurin.

Injiniyan Bukuru: Ga shi nan ya fara. Mutum ya zo da ciwon ciki, kai kana tambayarsa me ya sa ya sayi hula ja.

Mai Python: Injiniya, tambaya ce ta gaskiya ai.

Injiniyan Bukuru: To ga amsa ta gaskiya. Duka Lua layin C kusan dubu 30 ne, idan aka harhaɗa shi bai kai rabin megabayit ba. Python da laburarensa zai ƙara wa manhajar megabayit da yawa, ga mutanen da yanzu aka ce maka suna ƙorafin data. Kuma tun asali don wannan aikin aka haifi Lua. A 1993 aka ƙirƙire shi a jami'ar PUC da ke Rio a Brazil, mutum uku: Roberto Ierusalimschy da Luiz Henrique de Figueiredo da Waldemar Celes, suna yi wa kamfanin mai na Petrobras aiki. Injiniyoyin kamfanin na son sauya saitin shirye-shirye ba tare da an taɓa C ɗin da ke ƙasa ba. Ka ga dillalan dankali ke nan a wata rigar. Python maigida ne, yana son a zauna a gidansa. Lua kuwa ɗan haya ne, duk ɗakin da aka ba shi zai shige.

Baban Khalifa: Ku bar gardamar harshe, ko da Python ne wannan ciwon zai iya kama shi. Ƙanena, amsa min abu biyu. Me kake miƙa wa Lua idan zai yi lissafi, lambobi ne zalla ko kuwa abin Kotlin ɗin kansa? Kuma sau nawa kake kiran sa?

Ɗan Farin Gada: Yallaɓai, abin Kotlin ɗin nake miƙawa. Kowane layin ciniki abu ne mai suna Buhu. A ɓangaren C ina kiran `NewGlobalRef` a kansa, wato riƙon dindindin da ke hana a share shi, in saka riƙon cikin `userdata`, akwatin da Lua ke ajiye kayan waje, in tura wa Lua. Na kuma saka `__gc` wanda zai kira `DeleteGlobalRef` idan Lua ya gama da shi. Kira kuwa, duk lokacin da aka danna lamba a allon ana sake lissafin duka jerin, don jimla ta riƙa sauyawa nan take.

'Yar Naraguta: Ina jin na gane. Mai kwashe sharar Lua, wato sashen da ke share abin da aka daina amfani da shi daga ma'ajiya, da nauyin abin da ke hannunsa yake auna lokacin fita shara. A idonsa `userdata` ɗin nan 'yan bayit ne kawai, bai san cewa a ƙarshen igiyar akwai kaya a gidan Java, inda Kotlin ke zaune, ba. Don haka ba ya gaggawa, teburin can kuma yana ta cika. Ka gwada kiran `lua_gc` da kanka bayan kowane ciniki.

Ɗan Farin Gada: Na gwada wannan shekaranjiya, 'yar'uwa. Cikakkiyar shara bayan kowane ciniki. Bai rage ko ɗaya ba. Na saka ɗan saƙo a cikin `__gc` don in ga ko ana kiran sa, shiru kake ji.

Baban Khalifa: Yawwa, wannan shirun shi ne amsar. Abin da 'Yar Naraguta ta faɗa gaskiya ne kuma yana faruwa, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Idan an yi cikakkiyar shara ba a kwashe abu ba, to wani na riƙe da shi. Akwai inda Buhun nan yake ajiye wani aiki na Lua, irin a ce "idan farashina ya sauya ka kira wannan"?

Ɗan Farin Gada: Akwai. `buhu:idanYaSauya(function() ... end)`. Ina ajiye aikin a rajistar Lua da `luaL_ref`, lambar da ya ba ni in saka ta cikin Buhun. Na tsara idan Java ya kwashe Buhun sai a kira `luaL_unref`.

Baban Khalifa: A cikin aikin kuma kana ambaton `buhu`.

Ɗan Farin Gada: Innalillahi.

Baban Khalifa: Bari in warware don waɗanda ke karatu ba su yi magana ba. Masu shara biyu ne a gida ɗaya, kowa da tsintsiyarsa, kuma ba sa ga-maciji. Na Lua ya zo zagaye: ya ga aikin nan a rajista, ya ce wannan an yi masa rajista, ba na taɓawa. Aikin yana riƙe da `userdata`, shi ma ya tsira. Na Java ya zo nasa zagayen: ya ga Buhu da riƙon dindindin a wuyansa, ya ce wani a ɓangaren C na buƙatar wannan, ba na taɓawa. Lua na jiran Java ya saki, Java na jiran Lua ya saki. Da a cikin gida ɗaya zoben yake, kowanne daga cikinsu zai gane cewa ba mai isa gare shi daga waje, ya kwashe shi gaba ɗaya. Amma da yake zoben ya ratsa katanga, kowa rabi yake gani.

Sai ka haɗa da cewa duk danna lamba kana ƙulla sababbin zobba ga kowane layi. A ce layi arba'in ne a jerin, danna ɗaya riƙo arba'in. Danna 1,280 kawai ake buƙata a kai 51200. Kai da kake gwaji da layi uku ba za ka taɓa kaiwa ba. Alhaji kuwa kafin la'asar ya cike.

Na sha wannan dukan a nan Abuja shekarun baya, a wani aiki da muka yi da C# a wani ofis a Garki. Tamu ba mutuwa take yi ba, kumbura take a hankali, sai ranar Alhamis kwamfutar ta fara ja da ƙafa. Mako uku muna zargin wanda ba shi da laifi.

'Yar Naraguta: Na karɓi gyara, Baba. To ba sai ya mayar da ɗaya daga cikin riƙon mai rauni ba? JNI na da `NewWeakGlobalRef`, Lua ma na da tebur mai rauni ta `__mode`.

Baban Khalifa: Zai iya, zoben zai tsinke. Sai dai daga nan kullum kafin ya taɓa abin sai ya duba ko yana raye, kuma ranar da ya manta, maimakon mutuwar la'asar da ya san lokacinta, zai samu mutuwar da ba ta da lokaci. An gudu ba a tsira ba. Shawarata ta fi wannan tsauri: kada abin Kotlin ko ɗaya ya ƙetara katangar. Me Lua yake buƙata don ya yi lissafin la'ada? Yawan buhu, farashi, garin da kaya suka fito, ajin mai saye. To kwafi waɗannan cikin teburin Lua zalla, kira aiki ɗaya, karɓi teburin amsa, kwafe shi zuwa Kotlin, shi ke nan. Kamar tagar banki: ka miƙa takarda, a miƙo maka takarda. Ba a ba ka makullin ma'ajiya ka shiga ka ɗebo da kanka.

Mai Python: Kwafi duk danna lamba? Ba zai yi nauyi ba?

Injiniyan Bukuru: Layi arba'in? Ko a wayar da ta fi kowacce araha ba za ka ji ba. Ƙetara JNI sau ɗaya da kaya a dunƙule ya fi sauƙi a kan abin da yake yi yanzu, inda duk `buhu.farashi` sai an tsallaka katanga an dawo.

Oga Terminus: Ku yi haƙuri in kawo cikas. Ni ban ga dalilin saka wani harshe a ciki ba tun farko. Ƙa'idojin nan a zuba su a JSON, tsarin rubuta bayanai zalla: buhu kaza zuwa kaza, ragi kaza. Kotlin ya karanta ya yi lissafi. Ba C, ba JNI, ba masu shara biyu. Mu a shago haka muka yi da harajin VAT, da aka mayar da shi kashi 7.5 daga kashi 5 a 2020 lamba ɗaya muka sauya.

Ɗan Farin Gada: Oga, da shi na fara wallahi. Wata biyu ya yi min. Sai aka zo da "idan mai saye na da tsohon bashi kada a yi masa ragi, sai fa idan ya biya rabi a yau." Na ƙara wa JSON ɗin "idan". Aka zo da wata, na ƙara "ko" da "kuma". Wata rana na duba na ga na ƙirƙiri harshe nawa na kaina, marar kyau, wanda ba mai iya karanta shi sai ni, ni ɗin ma sai da shayi.

Oga Terminus: To a nan kam na sallama. Amma ina nan kan bakana ga wanda ƙa'idarsa lamba ce kawai.

Hajiya ta Wuse: Sannunku. Yanzu na fito daga taro na tarar da saƙo sun taru. Ɗana, tunda an kama ɓarawon farko bari in nuna maka na biyu tun bai shigo ba. Yaya kake yi idan Lua ya kira Kotlin, Kotlin ɗin kuma ya jefa kuskure?

Ɗan Farin Gada: Hajiya, ina duba `ExceptionCheck`, idan akwai sai in kira `luaL_error` nan take.

Hajiya ta Wuse: Nan take ɗin ne matsalar. `luaL_error` ba ya dawowa. Idan da C aka harhaɗa Lua, `longjmp` yake yi, wato tsalle ɗaya daga inda kake zuwa `lua_pcall` mafi kusa, duk abin da ke tsakani a tsallake shi. Idan ka kulle wani abu, yana nan a kulle. Idan ka ari rubutu da `GetStringUTFChars`, ba a mayar ba. Idan gadar taka da C++ ce, ayyukan da ke share abubuwa idan an gama da su (destructors) ba za su gudu ba. Kuma kuskuren Java ɗin da ba ka share ba yana nan rataye, kira na gaba da za ka yi wa JNI a kansa za ka taka. Tsarin shi ne: ɗauko saƙon kuskuren, `ExceptionClear`, mayar da duk abin da ka ara, sannan jefa kuskuren Lua ya zama abu na ƙarshe a aikin.

Wanda ya fi wannan muni shi ne shiga cikin shiga. Kotlin ya kira Lua, Lua ya kira Kotlin, Kotlin ya sake kiran Lua. Idan kiran ciki da `lua_call` aka yi shi ba `lua_pcall` ba, kuskure zai yi tsalle ta kan Java gaba ɗaya ya sauka a waje. Injin Android bai san an tsallake shi ba, daga nan duk abin da ya faru kai ka jawo. Idan kuma babu `lua_pcall` ko ɗaya a sama, Lua zai kira aikin firgici ya kashe manhajar da `abort`.

Abu na uku a taƙaice: `lua_State` guda, wato injin Lua ɗaya, ba ya ɗaukar zare (thread, layin aiki mai gudu da kansa) biyu a lokaci ɗaya, `JNIEnv` ma kowane zare da nasa. Ka ware wa Lua zare ɗaya tak, kowa ya aika masa saƙo ya jira amsa.

Injiniyan Bukuru: Idan ya bi shawarar tagar banki, Lua ba zai ma kira Kotlin ba, kashi biyu cikin uku na wannan ya tafi.

Hajiya ta Wuse: Haka ne. Shi ya sa nake goyon bayanta. Amma ya san dalili, don wata shida nan gaba wani zai ce "ɗan ƙaramin kira ɗaya ne kawai."

'Yar Naraguta: Tambaya: me zai hana ya yi amfani da Luaj? Lua ne da aka rubuta da Java zalla. Ba C, ba JNI, mai shara ɗaya, zoben ma ba zai ƙullu ba.

Baban Khalifa: Hanya ce ta gaske, ba na raina ta. Kowane gida akwai irin wannan zaɓi biyun: ko ka kawo injin asali ka gina gada, ko ka sake ƙera injin da kayan gidan. A .NET akwai NLua mai gada da MoonSharp da aka rubuta da C#. A Go akwai gopher-lua. A burauza akwai Fengari da aka rubuta da JavaScript, da wasmoon wanda shi injin asali ne aka harhaɗa zuwa WebAssembly. Mai gada yana ba ka Lua na gaskiya da ciwon katanga. Ɗan gida yana ɗauke maka katanga amma ya tsaya a tsohon zubi. Luaj a 5.2 ya tsaya, kuma kowane `coroutine` nasa zaren Java ne sukutum. Fengari 5.3 ne. gopher-lua 5.1.

Ɗan Farin Gada: Tsaya Yallaɓai. Sabata da Go take, kuma gopher-lua nake amfani da shi a can don a sake tantance lissafin idan waya ta samu intanet ta turo cinikin ranar. Rubutun Lua ɗaya ne a waya da saba.

Hajiya ta Wuse: Rubutu ɗaya, harshe biyu. Buɗe duka biyun ka buga `print(10000/2)` ka gaya mana.

Ɗan Farin Gada: Saba ta ce 5000. Waya ta ce 5000.0. Kai! Ashe wannan ne. Akwai rasit da ya fito da ₦5000.0, Alhaji ya kira ni yana tambaya ko sifilin nan kuɗi ne. Kuma akwai ranar da saba ta ƙi karɓar ciniki ta ce sa hannun lissafin bai yi daidai ba, na ɗauka intanet ne ya yanke.

Hajiya ta Wuse: A 5.1 lamba iri ɗaya ce, mai ɗigo. Sai a 5.3, a 2015, aka kawo cikakkiyar lamba mai bit 64 daban, kuma alamar `/` kullum mai ɗigo take bayarwa. Aka ƙaro `//` don rabon da ba saura, wanda 5.1 bai san shi ba sam. `unpack` ya koma `table.unpack`, `setfenv` ya tafi `_ENV` ya zo tun 5.2. Ga kuɗi kuma: kada ka bar naira da ɗigo ta shiga injin. A kobo za ka miƙa, a kobo za ka karɓa, Kotlin ne zai saka alamar ₦ da waƙafi. Duk rabo ka naɗe shi da `math.floor`, kuma ku zauna da dillalan ku yanke wa ke cin ragowar kobon, kada inji ya yanke muku. Lambar waya da lambar asusun banki kuwa rubutu ne ba lamba ba, in ba haka ba sifilin farko zai ɓace.

Mai Python: To ya saka LuaJIT a waya mana, injin Lua da ke harhaɗa rubutu zuwa umarnin na'ura yana cikin gudu (JIT), shi ma 5.1 ne, sai su daidaita da saba. Ga gudu kuma.

Injiniyan Bukuru: Yau Mai Python ne ke tallar LuaJIT, lallai sanyi ya yi yawa. Daidaiton zubi hujja ce mai kyau. Gudun kuwa ba ya buƙata, ninka buhu da farashi ne ba wasan bidiyo ba. Kuma akwai tarko: ƙugiyar ƙirga umarni da ake sakawa da `lua_sethook` don yanke rubutun da ya shiga zagaye marar ƙarewa ba ta aiki a cikin abin da JIT ya riga ya harhaɗa. Idan ya je iPhone ma, ba a barin manhajojin waje su yi JIT, fassara kawai zai yi. Ni da zan zaɓa, ko ya sauko da waya zuwa Lua 5.1 na asali, ko ya bar 5.4 ya taƙaita rubutunsa ga abin da duka biyun suka yarda da shi, ya kuma tara misalan ciniki na gaske ya riƙa gudanar da su a injunan biyu kafin ya saki kowace sabuwar ƙa'ida.

Malamin Gangare: Ni ba gwani ba ne a C, amma ina gyare-gyare a Wikipedia ta Hausa, kuma a can ma Lua ne ke ƙarƙashin akwatunan bayanai da yawa, ta hanyar Scribunto da aka kawo a 2013. Abin da na lura shi ne ba su yarda da kowa ba. Kowane shafi daƙiƙa 10 aka ba Lua da megabayit 50, ya wuce a yanke shi a nuna jan rubutu. Ba buɗe fayil, ba taɓa na'ura. Ɗan Farin Gada, kai rubutunka daga intanet yake saukowa wayar da ke ɗauke da bashin mutane. Wane shinge ka yi masa?

Ɗan Farin Gada: Malam, kunya ta kama ni. `luaL_openlibs` na kira, komai a buɗe. Na ce ai ni kaɗai ke rubutawa.

Baban Khalifa: Kai kaɗai, har ranar da wani ya samu makullin sabarka. Buɗe `string` da `table` da `math` da `utf8` da ɗan abin da kake so daga na tushe. `os` da `io` da `debug` da `package` kada su shiga, `dofile` da `loadfile` ma ka cire. Redis, manhajar adana bayanai da ke ɗauke da Lua tun zubi na 2.6, a 2022 an gano cewa yadda aka shirya shi a Debian, wani nau'in Linux, ya bar `package` a fili, ta nan kuma ana iya fita daga shingen a gudanar da umarni a kan na'urar. Kalma ɗaya da aka manta.

Ka riƙa loda rubutu da yanayin `"t"` kawai, kada ka karɓi wanda aka riga aka harhaɗa, domin tun 5.2 Lua ya daina tantance shi, gurɓatacce na iya farfasa ma'ajiya. Ka buɗe injin da `lua_newstate` da naka mai rabon ma'ajiya wanda zai ƙi bayarwa idan an wuce iyaka, saboda `string.rep` layi ɗaya ya isa ya cinye wayar. Sannan sa hannu na sirri a kan kowane rubutu, waya ta tantance kafin ta gudanar, ta kuma ajiye na jiya don komawa idan na yau ya faɗi.

Oga Terminus: Google ma sun yarda manhaja ta riƙa sauko da shiri daga waje?

Hajiya ta Wuse: Dokar Play ta hana sauko da shirye-shiryen da aka riga aka harhaɗa, irin su dex da JAR da .so, daga wajen shagon. Ta ware abin da ke gudu a cikin mai fassara, kamar JavaScript a burauza, muddin shi ma bai karya sauran dokokin ba. Lissafin la'ada a cikin shinge bai kusanci matsala ba. Wannan ma wani dalilin ne na ƙin miƙa wa Lua abubuwan Android kai tsaye.

Malamin Gangare: Saura abu ɗaya da ya shafe mu mu Hausawa. A Lua `#"ƙasa"` biyar yake bayarwa ba huɗu ba, don bayit yake ƙirgawa, kuma ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu ne. `string.upper` zai ba ka ƙASA. Alamar ₦ bayit uku ce.

Ɗan Farin Gada: Malam ka taɓo wani wurin. Firintar rasit ɗin ƙarama ce, harafi 32 take ɗauka a layi, don haka ina yanke sunan mai saye da `string.sub`. Akwai wani mai saye da sunansa ke da ɗ daidai wurin yankan. Duk ranar da ya zo sai sunan ya fito da wata alamar tambaya a ƙarshe, a zubin gwaji kuma manhajar faɗuwa take a `NewStringUTF`. Har na fara cewa mutumin nan da wani abu a tare da shi.

Injiniyan Bukuru: Bawan Allah ba ruwansa, ka raba masa ɗ gida biyu.

Hajiya ta Wuse: Yankan suna ba aikin Lua ba ne, ka mayar da shi Kotlin. Kuma ka daina bi ta `NewStringUTF`, wani gyararren UTF-8 yake so ba na kowa ba, ranar da wani ya saka emoji a sunan shagonsa za ka sake jin ta. Miƙa jerin bayit, Kotlin ya fassara da kansa. Kada ka dogara da `utf8` na Lua a rubutun da saba za ta gudanar, 5.1 ba shi da shi.

Ɗan Farin Gada: Jama'a na dawo, kwana huɗu ke nan. Na rushe gadar na sake gini. Yanzu ƙofa ɗaya ce: `lissafa(ciniki)`, tebur ya shiga tebur ya fito, duka a kobo, ta cikin `lua_pcall`, a zare ɗaya. Babu `NewGlobalRef` ko ɗaya a ɓangaren C, wanda ya ragu zuwa ƙasa da rabin yadda yake. Na bar 5.4 a waya, na tara tsofaffin ciniki ina gwada su a injunan biyu, har na kama wuri biyu da suka saɓa, duka a wajen rabo. Jiya na zauna a rumfar Alhaji tun safe har aka rufe kasuwa, manhajar ba ta ko yi tari ba. Ya ba ni rabin buhun dankali, Baban Khalifa da Hajiya rabonku na nan idan an samu mai zuwa Abuja.

Abin da ya rage: ƙugiyar ƙirga umarni na yanke `while true do end` yadda ya kamata, amma na gwada wani mugun tsari a `string.find` a kan dogon rubutu, ya riƙe zaren, ƙugiyar ba ta motsa ba.

Baban Khalifa: Ba za ta motsa ba, umarnin injin Lua take ƙirgawa, shi kuwa `string.find` a cikin C yake zagayensa, a wurinta umarni ɗaya ne. Ƙa'idojin la'ada na buƙatar neman tsari a rubutu?

Ɗan Farin Gada: Wuri ɗaya ne, inda nake duba ko sunan gari ya fara da "Bok".

Baban Khalifa: Ba wa kowane gari lamba daga Kotlin, ka cire `find` da `match` da `gmatch` da `gsub` daga teburin `string`. Dankalin kuma a ba direban da ke tashi daga Bauchi Road da safe, zan aiko a karɓa a tasha.